Albashi ɗaya, masu jira biyar

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai karin maganar ba ta faɗi ko hanji nawa cikin mutum ɗaya yake iya ɗauka ba, alhali nan ne gizo yake saƙar ga ma'aikacin gwamnati a Damagaram. Ranar da labari ya bazu cewa albashi ya sauka, duk wanda ya bi ta gaban bankunan gari zai ga layi tun da sanyin safiya: malaman lakwal, ma'aikatan likita, masu gadin ofisoshi, tsofaffin soja. In ya ƙara duba gefe, ƙarƙashin inuwar bedi, zai ga wasu mutane ƙalilan zaune bisa babura, ba sa gaggawa, ba sa cikin layi. Ba su yi wa gwamnati aikin ko yini ɗaya ba, amma rabon da za su kai gida ya fi na masu layin.

Cikin waɗanda suka yi shekara da shekaru suna tsayawa wannan layi akwai wani malamin lakwal, haifaffen unguwar Birni, wanda ba sai an kama sunansa ba. Manya da yara Mushe suke ce masa, don haka a nan ma Mushe ne. Ba ya shan giya, ba ya caca, mace ɗaya gare shi da ƴaƴa shida, da tsohuwarsa a ɗakin baya. Ya kamata a faɗi wannan tun da wuri, domin a majalisun bakin titi an saba yanke hukunci cewa duk ma'aikacin da bashi ya cinye, shashanci ne ya ja masa.

Mushe ya kama aiki a 1992, shekara ɗaya bayan taron ƙasa da aka yi a Yamai daga Yuli zuwa Nuwamban 1991, ya tarar da baitulmali a bushe. Kuɗin yuraniyom da suka riƙe ƙasa a shekarun 1970 sun ja baya, bankin raya ƙasa, wato BDRN, ya durƙushe a 1990, asusun ajiya na ƙasa shi ma bai daɗe ba ya kasa biyan masu ajiya. Albashi ya koma kamar ruwan damina a ƙasar Tanut, ana sa rai, ba a san rana ba. Sai a yi wata biyu, wata uku, wani lokaci fiye, ba a ga ko dala ba, ƙungiyar ƙwadago ta USTN na kiran yajin aiki, yara na zaune gida. Ana cikin haka, a Janairun 1994, aka taru a Dakar aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100, magani da littafi da duk abin da ake shigowa da shi daga ƙetare suka yi tashin gwauron zabi. Gwamnatoci suka yi ta shuɗewa, ta Mahaman Usman ɗan garin nan, ta Ba'are Mainasara, ta Dauda Malam Wanke, kowace ta gaji bashin ma'aikata ta bar wa ta bayanta.

A waɗannan shekaru masu kanti ne suka ciyar da ma'aikatan gwamnati, kuma har yau ba a yi musu godiyar da ta dace ba. Mai kantin unguwar su Mushe yana da wani littafin ɗan lakwal mai bango ja, kowane ma'aikaci da shafinsa: tiya biyu ta gero, kwalbar mai, sabulu, sukari. Bai taɓa ƙara ko dala bisa farashi ba. In albashi ya zo a biya, in bai zo ba a jira tare. A wurinsa ne Mushe ya koyi cin albashin gobe tun yau, kuma tilas ce ta koya masa.

Daga shekarar 2000, zamanin Tanja Mamadu, albashi ya soma zuwa kan kari. A farkon shekarun ne kuma gwamnati ta ba ma'aikata filaye a madadin wani ɓangare na albashin da suke bin ta, da yawa kuma suka sayar da takardar filin da araha don su kashe basussukan da suka taru. Mutum zai yi zaton daga nan an rabu da bashi. Ina! Albashin da ke zuwa ranar da aka sani shi ne jingina mafi daɗi a duniya, domin ba ya mutuwa kamar akuya, fari ba ya cinye shi kamar gona. Da ma'aikaci ya zama abin dogara, sai masu ba da bashi suka yi masa caa.

Ga yadda lissafin Mushe ya kasance a shekarun da abin ya yi tsanani. Albashinsa ya kai jika 150. Bashi na farko na banki ne, ya ci shi don ya rufe ɗakuna biyu da kwano bayan damina ta kayar da soro, ana cire jika 50 kowane wata tun kafin kuɗin su taɓa hannunsa. Na biyu na wani asusun lamuni ne, ya karɓa a shekarar da komawa lakwal da Babbar Salla suka matso kusa da juna, ga kayan karatu ga ragon layya, jika 20 a wata. Na uku littafin mai kanti, wanda yakan kai jika 35. Har nan da sauran numfashi, ko da yake ƙanƙane ne. Sai ƙanensa ya yi haɗari da kabu-kabu, aka buƙaci jika 50 kafin gari ya waye, wani abokin aiki ya raka shi wurin wani ɗan kasuwa da ke bayan Kasuwar Dole.

Mutumin ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo shayi. «Mushe, ai ku ne iyayen ƴaƴanmu, wa zai hana ku?» Mushe ya ce, «Alhaji, ƙarshen wata in sha Allahu.» Alhaji ya ce ba komai, sai dai a bar masa katin banki da lambar sirri, don kada a wahalar da juna. Ya ƙirga jika 50, ya kawo takarda aka sa hannu. Takardar cewa ta yi an karɓi jika 60.

Na biyar ya zo bayan wata uku, kuma shi ne ya fi ban mamaki, domin mai shi yana rantsuwa bai taɓa cin riba ba. Shinkafa yake sayarwa. Yakan sayar wa ma'aikaci buhu bashi a jika 25, a biya ƙarshen wata, nan take kuma yaronsa ya saye buhun daga hannun ma'aikacin a jika 20, kuɗi hannu. Buhun bai motsa daga inda yake jingine ba. Akwai buhun da aka sayar aka saye sau goma bai ga hasken rana ba. Wannan dabara ta girmi sefa. Malaman Malikiyya sun san ta, sun hana ta, kuma duk almajirin da ya kai babin ciniki a Risala ya karanta hanin. Mai shinkafa ya sani sarai, shi ya sa yake yawan rantsuwa.

To, mai karatu ya tara: 50 da 20 da 35 da 60 da 25, jika 190 ke nan ake jira daga albashin jika 150. Ranar biya, banki ya ɗauki nasa, saura 100. Mai kati ya zare 60, ya miƙo 40. Asusu ya karɓi 20. Saura jika 20, ga mai shinkafa da mai kanti na jiran 60. Mafita ɗaya ce, kuma tana zaune bisa babur a inuwar bedi: kafin azahar Mushe ya sake karɓar jika 50 daga hannun da ya zare 60 da safe. Ya sallami sauran biyun, ya shiga gida da jika 10, wadda za ta biya ruwa da wuta da cefane da magani har kwana talatin. Kafin tsakiyar wata ya koma wurin buhun nan. Kowane wata jika 15 na tafiya a matsayin ruwa ga mutum biyu, jika 180 a shekara, wato fiye da albashin wata guda, uwar kuɗin kuwa tana nan daram ko dala ba ta ragu ba.

Shin babu doka ne? Akwai, har da yawa, kuma ba laifi a san ta. Nijar na cikin ƙasashen da ke amfani da sefa ƙarƙashin babban bankin BCEAO, kuma ƙasashen suna da doka iri ɗaya game da ruwan da ya wuce kima. A 1997 an tsayar da iyaka a kashi 18 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 27 ga asusun lamuni da sauran masu ba da bashi. Daga 1 ga Janairun 2014 aka rage zuwa 15 da 24. Lissafin ya haɗa har da kuɗin takarda da duk wani la'ada da aka ɗora, kuma sayar da kaya bashi ma yana ciki, don haka buhun shinkafa bai tsira ba. Wanda ya ƙetare iyakar yana iya shan ɗaurin wata 2 zuwa shekara 2, ko tarar sefa 100.000 zuwa miliyan 5, ko duka biyun, kuma rarar da ya karɓa a cire ta daga bashin. Mai kati yana karɓar kashi 20 a wata, wato 240 a shekara, ninki goma na abin da aka yarda wa asusu. Game da albashi kansa, dokar OHADA ta 1998, wadda aka sabunta a 2023, ta ce akwai kason da ba a taɓawa ko da mai shi ya yarda, kuma ma'aikaci ba ya sallama wa wani albashinsa sai ya je da ƙafarsa gaban magatakardan kotu ya bayyana. Bankuna kuma sun saba tsayawa wajen kashi ɗaya cikin uku. Jika 50 cikin 150: bankin Mushe ya bi ƙa'ida daidai wa daida.

Kowace ƙofa in an dube ta ita kaɗai, da tsarinta. Banki ya auna kashi ɗaya cikin uku, bai san da asusu ba. Asusu ya dubi takardar albashi ya ga saura 100, ya ce 20 ba ta yi yawa ba. Mai kanti na zaton shi kaɗai ne bayan banki. Mutum ɗaya tak ya san adadin ƙofofin, shi kuwa ya fi kowa son a yi shiru. Daga 2016 BCEAO ta sa wani kamfani mai suna Creditinfo ya riƙa tattara bayanan masu cin bashi, bankuna da manyan asusu su duba kafin su bayar. Abu ne mai kyau, amma a lissafin Mushe biyu kawai zai gani cikin biyar, kuma biyun da ba su ne masu kisa ba.

Ƙara kuwa, wa zai kai? Takarda ta ce jika 60 aka karɓa, 60 aka biya, ina ruwan yake? Katin da lambar sirri mai shi ne ya miƙa da hannunsa, abin da ya saɓa wa yarjejeniyarsa da banki, don haka in an zare fiye da ƙima babu wanda zai kama. Wasu sukan bar ceki da sa hannu ba a rubuta adadi ba. Ranar da aka kai shi babu kuɗi a asusu, sunan mai shi ne ke shiga jerin waɗanda aka hana ceki, ba na wanda ya kai ba. Wasu kuma, in wuya ta yi wuya, sai su ce wa banki kati ya ɓace a ba su sabo, su jinginar da shi wurin wani. Ƙarshen wannan hanya ofishin ƴan sanda ne, kuma mai bashin ne ke shiga a matsayin wanda aka zalunta. Sama da duka akwai kunya. Malamin da yara ke miƙewa in ya shigo aji, yaya zai tsaya gaban alƙali ya ce buhun shinkafa yake saye yana sayarwa? Ga shi kuma wata mai zuwa zai sake buƙatar mutumin.

Abin lura shi ne Damagaram ba baƙuwar bashi ba ce, da shi ta yi arziki. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, fataken Gadamas da na Tarabulus sukan ƙetaro Sahara da yadi da takarda da sauran hajja, su ba ƴan kasuwar gari bashi, a dawo musu bayan watanni da fatu da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi, kada a ɓoye. Haka aka ci gaba har zamanin Malam Yaro, babban attajirin Zango a lokacin da Faransawa suka shigo a 1899. Babu banki, babu kwamfuta, amma akwai mai masauki da ya san baƙonsa, akwai dillali, akwai mai lamuni da ke tsayawa a madadin mutum. Kafin a ɗora wa wani kaya sai an tambayi na wa ke kansa, kuma garin bai yi girman da amsar za ta ɓuya ba. Ba a ce zamanin ya fi tausayi ba, wanda ya karye ya karye. Amma da wuya mutum ya jinginar da raƙumi ɗaya ga mutum biyar, domin ana ganin raƙumi. Albashi ba a ganinsa.

Turawa ma sun sha wannan ɗaci. A Amurka akwai kantunan da aikinsu kawai ba da bashin da za a biya ranar albashi: dalar Amurka 15 bisa kowace 100 a mako biyu, wanda in an miƙe shi shekara yana kusan kashi 400 cikin 100. A 2014 hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta ƙasar ta gano cewa fiye da huɗu cikin biyar na irin wannan bashi ana sabunta shi ko a ci wani cikin kwana 14, wato dai safiya da azahar ɗin Mushe. Ingila ta bi ta kan farashi: daga Janairun 2015 ruwa ba ya wuce kashi 0,8 cikin 100 a rana, kuma duk rintsi mutum ba ya biyan fiye da ninki biyu na abin da ya karɓa, kamfanin Wonga, wanda ya fi kowa suna a harkar, ya rushe a 2018. Jihar Florida ta Amurka kuwa ta bi ta kan adadi: tun farkon shekarun 2000 ba a ba mutum irin wannan bashi na biyu sai ya biya na farko ya kuma jira awa 24, kuma kowane kanti tilas ya duba rajista guda kafin ya bayar. Wannan ta fi kusa da ciwon Damagaram, domin ta gane cewa ƙidayar ƙofofi ta fi muhimmanci. Amma ko ita sai mai ba da bashi yana da kanti da lasisi take aiki. Mai babur a inuwar bedi ba ya cikin rajistar kowa. A Najeriya, maƙwabciya ta kusa, abin ya koma cikin wayar salula: manhajoji na ba da bashi cikin minti biyar, in an makara su aika wa duk lambobin da ke wayar mutum cewa ɓarawo ne, har hukumar FCCPC ta kai wa wasunsu samame a Legas a Maris na 2022. Su sun gane cewa kunya ce igiyar, sai suka ja ta a fili.

Asirin Mushe ya tonu ne bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, iyakar Najeriya ta rufe, abinci ya yi tsada, bankuna suka taƙaita abin da mutum ke iya zarewa. Mai kati ya daina ba da sabon bashi, shi ma kuɗi sun yi masa wuya. Ƙafa ɗaya ta goce, sauran suka bi. A makon ne tsohuwa ta kwanta, takardar magani ta kwana uku a aljihu ba a saya ba. Uwargida ta sayar da ƴan kunnenta ba ta yi shawara da kowa ba, ta sayo maganin, da dare ta ce, «Malam, ina katinka?» Bai amsa ba. Da safe ta tafi gidan kawunsa.

Kawun tsohon maɗinki ne, bai yi lakwal ba. Ya kira shi zaure ya ce, «Ɗana, duka nawa ne?» Mushe, wanda ya shekara talatin yana koya wa yara lissafi, ya kasa faɗa. Bai taɓa tarawa ba. Kowane bashi da ranarsa yake tuna shi, da fuskar mai shi. Kawu ya sa aka kawo takarda, ya ce ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, a rubuta. Aka rubuta biyar ɗin a shafi ɗaya, karo na farko.

Washegari kawu ya sa babbar riga ya tafi bayan Kasuwar Dole, ya zauna, ya ƙi shayi. Bai ambaci kotu ba, bai san lambar wata doka ba. Cewa ya yi, «Alhaji, yaron nan ya kawo maka jika 10 sau ashirin da huɗu bisa jika 50. Na zo in ji ko akwai saura, don in akwai, gobe Juma'a sai mu tambayi liman a gaban jama'a.» Alhaji ya yi shiru, ya buɗe akwati ya zaro kati daga cikin wasu da yawa da aka ɗaure da roba, ya ce a kawo uwar kuɗin kawai. Mai shinkafa ma haka, ko da yake sai da ya ƙara rantsuwa.

An sayar da babur ɗin Mushe da rabonsa na gonar gado a hanyar Mirya. Uwargida ta ɗauki kwasarta ta adashi kafin lokacinta, da yardar matan ƙungiyarsu, irin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a ƙasar Maraɗi a 1991, inda kowace mace ta san abin da ke kan ƴar'uwarta domin a gaban kowa ake buɗe akwati. Aka kashe na asusu. Na banki ya ci gaba da tafiya har ya ƙare da kansa. Ƴarsa ta biyu, wadda ta ci jarrabawar bak a shekarar, ta zauna gida shekara guda kafin a samu abin kai ta jami'a. Mai kanti, wanda shi kaɗai bai taɓa karɓar ruwa ba tun 1992, shi aka biya daga ƙarshe, kashi uku, domin shi ne aka san ba zai yi magana ba.